Laifin Ɗan Aike ko na Mai Aike? Tarken Hanyoyin Auna Bayanin Manhajojin Aiki

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Nuwamba na shekarar 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na ƙasar Amurka ya fito da ChatGPT, hankalin manazarta harshe ya fi karkata ga tambayoyi irin su ko injin harshe ya iya fassara, ko ya san nahawu, ko kuma yana iya tsara zance mai ma'ana. Sai dai a 'yan shekarun da suka biyo baya an ɗora wa waɗannan injina wani nauyi na daban, watau aikensu da ake yi su gudanar da hidima a madadin mutum, kamar su binciko fayil, ko su aika wasiƙa, ko su canza wa matafiyi ranar hawa jirgin sama. Injin ba shi da hannun yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka. Abin da yake yi shi ne kiran wasu ƙananan manhajoji da aka tanadar masa, kuma duk abin da ya sani game da kowace daga cikinsu bai wuce 'yan jimlolin da mai ita ya rubuta a kanta ba.

Waɗannan 'yan jimloli su ne abin nazari a wannan maƙala. Manufarta ita ce yin tarken hanyoyin da masana kimiyyar kwamfuta suka bi, daga 2023 zuwa 2025, wajen auna ko irin wannan bayani yana shiryar da injin ko kuwa yana ɓatar da shi. Ra'ayin da maƙalar ta tsayu a kai shi ne, yawancin ma'aunan da ake da su ƙwazon ɗan aike suke aunawa, suna barin saƙon da aka ba shi ba tare da bincike ba. Ƙalilan ɗin da suka juyo kan saƙon kuwa sun ɗauki samun nasara a matsayin shaidar nagarta, alhali hakan bai isa hujja ba. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa bayanin manhaja ɗan'uwan ma'anar ƙamus ne, saboda haka masu tsara ƙamus da masana ilmin ma'ana suna da ta cewa a kansa.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi da Taƙaitaccen Tarihi

Da yake fagen baƙo ne ga wasu daga cikin masu karatu, ya kyautu a fara da fayyace kalmomi huɗu da za a yi ta maimaitawa. Injin harshe shi ne manhajar ƙirƙirarriyar basira wadda aka horar da ita da ɗimbin rubuce-rubuce har ta iya karɓar zance ta mayar da amsa. Ɗan aike kuwa shi ne wannan inji idan aka ba shi buƙata, aka sakar masa mara ya zaɓi matakan biyanta ɗaya bayan ɗaya. Manhajar aiki ita ce ƙaramar manhajar da ɗan aiken ke kira domin yin abu guda, kamar duba yanayin sama ko soke odar kaya. Bayanin aiki shi ne rubutun da ke rakiyar kowace manhajar aiki, kuma ya ƙunshi abubuwa uku: sunan manhajar, da jimlolin da ke faɗin abin da take yi, da jerin guraben da ɗan aike zai cike kafin ya kira ta, kamar gurbin kwanan wata ko na lambar abokin ciniki.

A watan Oktoba na 2022 ne Yao da abokan aikinsa na Jami'ar Princeton da kamfanin Google suka fito da dabarar ReAct, inda injin ke sassaƙa tunani da aiki bi da bi. A Fabrairun 2023 kuma masu bincike na kamfanin Meta suka fito da Toolformer, injin da ya koya wa kansa lokacin da ya dace ya kira manhajar lissafi ko ta bincike. Wani abin lura ya faru a Maris na wannan shekarar, sa'ad da OpenAI ya buɗe ƙofar jona manhajojin waje da ChatGPT. Tsarin, wanda aka rufe shi a 2024, ya buƙaci kowane mai manhaja ya rubuta bayani iri biyu, ɗaya domin mutum, ɗaya domin inji. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu tsarin sun gane an samu sabon mai karatu wanda ake yi wa rubutu na musamman. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP, wadda ta daidaita yadda ake gabatar da manhajojin aiki ga kowane inji, OpenAI ma ya rungume ta a Maris na 2025. Daga nan ne rubuta bayanin aiki ya zama sana'ar dubban masu haɗa manhaja a faɗin duniya, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa zama ajin ilmin ma'ana ba.

3.0 Bayanin Aiki a Matsayin Nau'in Rubutu

Siffofi biyu ne suka keɓance wannan rubutu. Ta farko ita ce mai karanta shi ba ya da damar komawa ga marubucin ya nemi ƙarin haske. Hausawa sukan ce matambayi ba ya ɓata, to amma ɗan aiken nan, ko da yake yana iya tambayar mutumin da ya aike shi, ba shi da hanyar isa ga wanda ya rubuta bayanin manhajar. Duk abin da marubucin ya bari a cikinsa bisa zaton sananne ne, sai dai ɗan aike ya cike shi da kintace. Siffa ta biyu ita ce karatun ba ya tsayawa ga fahimta, yana zarcewa ne kai tsaye zuwa aikatawa. Austin (1962) ya nuna akwai furucin da faɗinsa shi ne aikata shi. Kiran da ɗan aike ke yi wa manhaja irin wannan furuci ne, domin da zarar ya rubuta kiran soke oda, odar ta soku. Ke nan kuskuren fahimta a nan yana iya zama asarar kuɗi ko ɓacewar fayil.

A garin da aiki ya kawo ni, mafi yawan ɗaliban da nake koya wa Hausa ba Hausawa ba ne, kuma idan sun bar aji ba su da wanda za su tambaya sai ƙamus. Shekarun da na yi ina gyaran rubutunsu sun koya mini cewa ba kasafai ma'anar ƙarya ke ɓatar da ɗalibi ba. Abin da ya fi ɓatar da shi shi ne ma'ana ta gaskiya wadda ba ta shata iyaka tsakanin kalma da maƙwabciyarta ba. Alal misali, idan aka ce wa ɗalibi aro shi ne karɓar abu da niyyar mayarwa, aka kuma ce masa rance ma haka ne, ba a yi masa ƙarya ba, amma an bar shi a duhu. Ba a gaya masa cewa a aro ainihin abin ake mayarwa, a rance kuwa madadinsa ake biya ba. Haka kuma ba a nuna masa bambancin "na ari littafi" da "na ara masa littafi" ba. Darajar manyan ƙamusoshi irin na Bargery (1934) da na Abraham (1949) tana cikin yawan misalan da suke jerowa ne, waɗanda da su mai karatu ke gane inda kalma ta tsaya.

Haka abin yake ga ɗan aike. A ƙaddara, domin misali, wani shago ya tanadi manhajoji biyu, bayanin ta farko ya ce tana soke oda, na ta biyu ya ce tana mayar da kaya. Duka biyun gaskiya ne. Amma idan abokin ciniki ya ce ya fasa sayen takalmin da ya biya kuɗinsa, wacce za a kira? Amsar ta danganta ga ko kayan sun bar shago ko ba su bari ba, kuma babu ɗaya daga cikin bayanan biyu da ya ambaci wannan sharaɗi.

Masu sana'ar da kansu sun ba da shaidar haka. A wani rubutu da Anthropic ya fitar a Disamban 2024, injiniyoyinsa sun ce lokacin da suka ɓata wajen gyaran manhajojin aiki ya fi wanda suka ɓata wajen gyaran babban umurnin da ake ba ɗan aike. Sun kawo misalin yadda injin ke kuskuren adireshin fayil idan an bar shi ya rubuta shi a gajarce, da kuma yadda kuskuren ya kau bayan an wajabta rubuta cikakken adireshi. A wani rubutun na Satumban 2025 sun ba da labarin yadda injinsu ya riƙa liƙa shekarar 2025 a ƙarshen kalmomin bincike ba gaira ba dalili, har sai da aka gyara bayanin manhajar binciken. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

4.0 Ma'aunan da Ake da Su

4.1 Masu Jarraba Ɗan Aike

Rukuni na farko, wanda kuma shi ne mafi girma, ya ƙunshi jarrabawoyin da ake tara manhajoji da bayanansu, a ba injina daban-daban tambayoyi iri ɗaya, sannan a jera su bisa makin da suka ci. A watan Mayu na 2023 Patil da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fito da Gorilla tare da jarrabawarsa. A Yulin wannan shekarar Qin da abokan aikinsa, waɗanda yawancinsu na Jami'ar Tsinghua ne ta ƙasar Sin, suka fito da ToolBench, wadda ta tattara manhajojin aiki 16,464 a rukunai 49 daga kasuwar RapidAPI. A Fabrairun 2024 masu binciken Berkeley suka buɗe allon gasar kiran manhaja da aka fi sani da BFCL. Wannan allo yana duba ko injin ya kira manhajar da ta dace, ko ya cike guraben daidai, har ma da ko ya iya kame hannunsa idan babu manhajar da ta dace da buƙatar. A Yunin 2024 kuma kamfanin Sierra ya fito da jarrabawar tau-bench, wadda ke kwaikwayon hira tsakanin ɗan aike da abokin ciniki a shago da kuma a kamfanin jirgin sama. Sakamakonta ya nuna cewa GPT-4o, wanda yana cikin injinan da suka fi ƙarfi a lokacin, bai kai ga cin rabin ayyukan ba, kuma a ɓangaren shago, ayyukan da ya ci sau takwas a jere idan an maimaita masa su ba su kai kashi 25 cikin ɗari ba.

Babu mai musun amfanin waɗannan jarrabawoyi. Sun fito da batun daidaito a kan maimaici, sun kuma mai da kame hannu abin ba da maki, wanda ya dace da hikimar da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma a cikinsu duka bayanin aiki a tsaye yake ba ya motsi, injina ne ake sauyawa. Saboda haka idan inji ya faɗi, ba a iya sanin ko daƙiƙancinsa ne ko kuwa saƙon ne ya zo a murɗe. Tamkar malami ne ya ba ɗalibai jarrabawa da ƙamus guda, ya jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, sannan a tambaye shi ko ƙamus ɗin yana da kyau. Makin da ke hannunsa ba zai amsa wannan tambaya ba.

4.2 Masu Jarraba Bayani

Rukuni na biyu ya juya al'amarin, ya tsayar da inji ya riƙa sauya bayani. Hsieh da abokan aikinsa (2023) sun nuna cewa ba wa inji bayanin manhaja kaɗai yana iya kamo ba shi misalan yadda ake kiranta, wani lokaci ma ya fi. Masu tsarin EasyTool (2024) sun lura cewa bayanan da ake samu a kasuwa sukan zo da tsawo da maimaici da giɓi, sai suka sa inji ya sake rubuta su a taƙaice bisa zubi ɗaya, suka ga kurakurai sun ragu. Qu da abokan aikinsa (2024), a tsarinsu na DRAFT, sun ƙara gaba, inda injin ke gwada manhajar da kansa, ya ga abin da ta mayar masa, ya gyara bayanin, ya sake gwadawa. A Yunin 2025 Anthropic ya ba da rahoton cewa wani ɗan aike da suka keɓe domin gwada manhaja mai raunin bayani da sake rubuta bayanin nata ya sa lokacin kammala aiki ya ragu da kashi 40 cikin ɗari ga 'yan aiken da suka yi amfani da sabon bayanin.

Wannan rukuni shi ne ya fi kusa da abin da ake nema, domin ya tabbatar da cewa kalmomin bayani suna da tasirin da ake iya ƙirgawa. Hasali ma dabarar tasu sananniya ce ga duk wanda ya karanci tsarin sauti. Yadda muke gane cewa /k/ da /ƙ/ ƙwayoyin sauti ne mabambanta shi ne ta gwama baki na magana da baƙi jam'in baƙo, inda komai ya daidaita sai sauti ɗaya. To amma mai nazarin sauti abu ɗaya tak yake sauyawa. Su kuwa waɗannan masu bincike galibi bayanin gaba ɗayansa suke sake rubutawa, saboda haka ko maki ya hau, ba a san wace jimla ce ta ɗaga shi ba, ba a kuma fitar da wata ƙa'ida da marubuci na gaba zai koya ba.

5.0 Inda Ma'aunan Suka Gaza

5.1 Tambayar da Aka Haifa daga Cikin Amsa

A ToolBench, ChatGPT aka ba bayanan manhajojin aka ce ya ƙirƙiro buƙatun da za su dace da su, kuma shi aka ɗora a kujerar alƙali wajen duba amsoshi. Dalilin yin haka a fili yake, domin ba a iya ɗaukar mutane su rubuta tambayoyi a kan manhajoji dubu goma sha shida. Sai dai tambayar da aka tsago daga jikin bayani takan gaji kalmominsa da yadda ya kalli duniya. Idan bayanin ya manta da wani sharaɗi, da wuya tambayar da ta fito daga gare shi ta taɓo wannan sharaɗi. Ke nan jarrabawar ba za ta iya gano giɓin da aka fi buƙatar ganowa ba. Mutum na gaske ba ya karanta bayanin manhaja kafin ya faɗi buƙatarsa. Da kalmominsa yake zuwa, a karkace, wani lokaci ma a cakuɗe.

5.2 Rikita Talla da Bayani

Gazawa ta biyu ta fi ta farko haɗari. A watan Mayu na 2025 Faghih da abokan aikinsa na Jami'ar Maryland sun ajiye wa injina manhajoji biyu masu aiki iri ɗaya sak, suka bar bayanin ɗaya yadda yake, suka ƙara wa na ɗayar kalmomin yabon kai, kamar cewa ita ce mafi inganci kuma ita ya kamata a kira duk lokacin da hali ya yi, ko cewa ana kula da ita a kai a kai. Sun samu cewa a wajen GPT-4.1 da Qwen2.5-7B, manhajar da aka yi wa wannan kwalliya ta samu kira fiye da ninki goma na 'yar'uwarta. Babu wani sabon ilmi da aka ƙara wa ɗan aike a kan abin da manhajar ke yi, kirari kawai aka yi mata. Idan har yawan kira shi ne ma'aunin nagarta, to bayanin da ya fi iya talla shi zai ci gasa, ko da ƙarya yake yi.

Wata guda kafin haka, a Afrilun 2025, kamfanin tsaro na Invariant Labs ya nuna inda wannan rauni ke iya kaiwa. Sun rubuta manhaja mai tara lambobi biyu kawai, amma a cikin bayaninta suka cusa umurnin cewa ɗan aike ya karanto wasu fayilolin sirri na mai kwamfutar, ya haɗo su a cikin kiran, kuma kada ya sanar da shi. Ɗan aiken ya bi umurnin, ya kuma kawo amsar lissafin daidai. A ma'aunin da ke duba cikar aiki kaɗai, wannan bayani ya ci jarrabawa. Grice (1975) ya gina ƙa'idojinsa na zance a kan zaton cewa masu magana suna haɗa kai, kowa yana faɗin gaskiya gwargwadon buƙata, a kan abin da ake ciki, kuma a fayyace. Injin harshe ya gaji wannan kyakkyawan zato daga rubutun mutane, yana karanta bayanin aiki a matsayin maganar amini. Ma'aunin da bai tambayi ko bayanin ya cancanci wannan amana ba ya bar babban ɓangare na aikinsa.

5.3 Ƙwazon Ɗan Aike Yana Rufe Aibin Saƙo

Ɗa mai wayo, ko an aike shi da rabin magana, yakan cike sauran da hankalinsa ya dawo da abin da ake so. Wannan ba ya mai da rabin magana ta zama cikakkiya. Inji mai ƙarfi yana iya kintatar manufar gurbin da aka sa wa suna "mai amfani" kawai, ya gane lambar mutum ake nufi ba sunansa ba, ƙarami kuwa ya rubuta sunan. Idan da babban injin kaɗai aka gwada bayanin, sai a ba shi shaidar lafiya alhali yana ɗauke da harshen damo. Daɗin daɗawa, bayanin da inji ya sake rubuta wa kansa, kamar yadda ake yi a DRAFT, yana iya dacewa da ɗabi'un wannan injin fiye da na wani. Tunda ƙa'idar MCP ta sa bayani guda yana zagaya injina da yawa, hukuncin da aka yanke da mai karatu ɗaya ba ya wadatarwa.

5.4 Harshen Mai Aike

Kusan dukkan bayanan aiki da Ingilishi ake rubuta su, haka ma mafi yawan tambayoyin jarrabawoyin da aka ambata. Amma mai aike yana iya zuwa da kowane harshe, kuma ɗan aike ne zai yi tafinta tsakanin buƙatarsa da guraben manhaja. A nan ne abin da marubucin bayani ya ɗauka sananne ke fitowa fili. Idan Bahaushe ya ce a tsara masa ganawa a daren Juma'a, a lissafin da aka gada dare ne ke gabatar rana, watau daren da ke biye da yinin Alhamis yake nufi, alhali gurbin kwanan wata da aka gina bisa lissafin Turawa yana iya jefa ganawar bayan faɗuwar ranar Juma'a. Idan ya ce rana ita yau, ko gata, ko bayan La'asar, dole a san ranar da ake ciki da garin da yake kafin a cike gurbin. Idan mutumin Maraɗi ya ce a tura dala ashirin, sefa ɗari yake nufi, domin a can dala ɗaya sefa biyar ce. Gurbin da bai wajabta ambaton nau'in kuɗi ba ya buɗe ƙofar a tura dalar Amurka. Haka nan manhajar bincike da bayaninta bai faɗi yadda take ɗaukar haruffa masu lanƙwasa ba tana iya haɗa baki da baƙi wuri ɗaya, ko ta kasa gano ko ɗaya. Na tabbata masana Yarabanci da Ibo, waɗanda rubutunsu ke da ɗigo a ƙarƙashin harafi da alamun karin sauti, za su kawo misalai makamantan waɗannan. Abin nufi shi ne, buƙatar da ta zo da wani harshe tana tona asirin giɓin da ke cikin bayani, wanda buƙatar Ingilishi ke tsallakewa ba tare da an lura ba.

6.0 Shawarar Matakan Awo

Bisa abin da ya gabata, ana ba da shawarar a auna bayanin aiki ta matakai huɗu, a kuma ba da sakamakon kowane daban, kada a narkar da su cikin maki guda.

Mataki na farko shi ne na gaskiya. A gwama abin da bayanin ya ce da abin da manhajar ke yi a zahiri, a ware duk jimlar da yabo ce ko umurni wanda bai shafi aikin ba. Wannan mataki ba ya buƙatar ɗan aike ko kaɗan, aikin mai karatu ne mai lura.

Na biyu shi ne na iyaka. A ajiye manhajar kusa da maƙwabtanta mafiya kama da ita, a kawo buƙatun da suka faɗo a tsakani, irin na mai takalmin da aka ambata, tare da buƙatun da babu wadda ta dace da su. Bayanin da bai faɗi lokacin da ba a kiran manhajarsa ba bai cika ba, kamar yadda ma'anar aro ba ta cika sai an ambaci rance.

Na uku shi ne na sauyi ɗaya tak. A cire jimla guda, ko a musanya kalma guda, a bar sauran yadda suke, a maimaita gwajin sau da yawa, da manyan injina da ƙanana na kamfanoni daban-daban. Jimlar da cire ta bai canza komai ba kaya ce kawai, tunda kowace kalma tana cin wuri a cikin abin da injin ke iya riƙewa a lokaci guda. Wadda kuwa cire ta ya kawo kuskure ita ce ginshiƙi, kuma daga tarin irinta ne za a iya fitar da ƙa'idojin wannan nau'in rubutu.

Na huɗu shi ne na baƙon mai aike. Mutanen da ba su taɓa ganin bayanin ba su ne za su rubuta buƙatun gwaji, kowa da harshensa da karinsa, ba fassarar tambayoyin Ingilishi ba, domin fassara takan ɗauko lissafin lokaci da na kuɗi na harshen asali ta kawo. A wannan mataki ne sassan nazarin harsunan Nijeriya ke da gudummawar da ba mai iya bayarwa sai su.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa bayanin aiki rubutu ne da ake yi wa mai karatun da ba ya iya tambayar marubuci, wanda kuma karatunsa ke zarcewa zuwa aiki. An duba rukunai biyu na ma'aunai, aka ga na farko ɗan aike yake jarrabawa, na biyu kuma, duk da ya juyo kan saƙon, ya dogara ga nasara kaɗai. An kawo dalilai huɗu da suka sa nasara ba ta isa shaida ba: tambayoyin da aka tsago daga bayanin kansa, da tasirin talla, da ƙwazon inji mai rufe aibi, da kuma taƙaita gwaji ga harshe ɗaya. Masana kwamfuta sun yi nasu ƙoƙarin wajen nuna cewa kalmomin bayani suna da nauyin da ake iya aunawa. Sanin wace kalma ce ke ɗauke da nauyin, da dalilin da ya sa, tsohon aikin masu tsara ƙamus ne da masana ilmin ma'ana. Fatar marubucin ita ce malamai da ɗalibanmu masu neman batun bincike su fara da tattara buƙatu na gaske cikin Hausa da sauran harsunanmu, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.